Abin da ke cin tsohuwar unguwa, da abin da ke tsayar da ita

Idan aka ɗauko zancen adana gine-ginen tarihi, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne fada, ko babban masallaci, ko coci mai doguwar hasumiya, ko ƙofar gari. Waɗannan ba su cika tayar mini da hankali ba, domin kusan kullum suna da mai tsaya musu: hukuma tana jin kunyar a ce a hannunta suka faɗi, masu yawon buɗe ido suna kawo kuɗi saboda su, 'yan jarida kuma ba sa ɗauke musu ido. Abin da ya fi zama cikin haɗari shi ne unguwar da ke kewaye da su, wato gidajen talakawa da na masu rufin asiri, da shagunan da ke jere a bakin hanya, da lungunan da suka ratsa tsakaninsu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa a yi tattaki domin a gan shi shi kaɗai, amma haɗuwarsu ita ce abin da ake kira tsohon gari. Kuma ba a cika rusa su rana ɗaya ba. Bana wannan gida ya zama bene mai hawa biyar, baɗi wancan ya zama wurin ajiye motoci, har a wayi gari babban ginin da ake taƙama da shi yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar wurin da bai san shi ba.

An daɗe kafin dokokin ƙasashe su gane wannan. Dokokin farko gini ɗaya ɗaya suke karewa, kuma galibi na sarakuna ne ko na ibada. A shekarun 1960 ne al'amarin ya fara sauyawa. Faransa ta yi wata doka a 1962, wadda ake kira da sunan ministan al'adu na lokacin, André Malraux, da ta ba da damar a shata wa unguwa sukutum iyaka a kare ta, kuma tsohon garin Lyon ne ya fara cin gajiyarta a 1964, alhali kuwa akwai shirin rushe wani sashe nasa. Ingila ta biyo baya a 1967 da tsarin yankunan adanawa, waɗanda a yau sun kai kusan 10,000. A birnin New York kuwa sai da aka yi asara kafin a farga: a 1963 aka fara rushe tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania, wadda aka buɗe a 1910, kuma takaicin da wannan ya haifar yana daga cikin abin da ya sa birnin ya kafa dokar kare gine-ginensa a 1965. Daga baya yarjejeniyar kare wuraren tarihi na duniya ta 1972, wadda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta samar, ta kai batun matakin duniya.

Ban raina waɗannan dokoki ba, domin da babu su da katafila ta gama da wurare da dama. Sai dai abin da nake gani shi ne ƙarfin doka a kan hanawa yake. Tana iya hana mai gida rushe gininsa, amma ba ta iya hawa rufi ta toshe yoyo. Kuma idan aka ƙirga tsoffin gidajen da suka ɓace a kowane birni, ba zan yi mamaki ba idan waɗanda ruwa da sakaci suka ci sun fi waɗanda aka rusa da gangan yawa.

Ruwa ne babban abokin gabar tsohon gini, ko na ƙasa ne, ko na dutse, ko na jan bulo, kuma ta sama da ta ƙasa yake shigowa. Ta sama, abin yakan fara ne da ɗan ƙaramin abu: indararo ya toshe da ganye ko da sheƙar tsuntsu, ruwa ya kwanta a kan rufi, ya sami wata 'yar tsaga ya bi, ya jiƙa kan itacen da ke ɗauke da rufin a daidai inda ya shiga bango. A nan itacen ke fara ruɓewa, inda ido ba ya gani, gara kuma ta samu wurin zama. Ta ƙasa, bango yana tsotsar danshi daga harsashi, danshin yana haurowa da gishirin da ke cikin ƙasa, idan ya bushe gishirin ya daskare a cikin ƙofofin bangon yana farfasa shi a hankali. Shi ya sa gindin bango ne ke fara zubewa a yawancin tsoffin gidaje. Abin da ya ƙara dagula lamarin a zamaninmu shi ne ayyukan da ake yi da kyakkyawar niyya. Duk lokacin da aka sake shimfiɗa kwalta a kan tsohuwa ba tare da an kankare ta ba, titi yana ƙara tudu, har ya zamo ya fi daɓen gida tsawo, ruwan sama ya daina fita daga gida ya koma shiga. Haka kuma idan aka jawo ruwan famfo cikin unguwa ba a yi masa hanyar fita ba. Wannan ya faru a tsoffin garuruwan Yaman, wato San'a da Shibam, inda gidajen ƙasa da na bulo masu hawa da yawa suka yi ɗaruruwan shekaru a tsaye lokacin da ruwan da ke shiga gida ɗan kaɗan ne, sannan bututu masu yoyo da ƙarancin magudana suka zo suka jiƙa musu harsashi.

Bayan ruwa sai sumunti, kuma shi ne ya fi ba ni takaici, domin da sunan gyara yake zuwa. Mai gida ya ga bangonsa yana zubewa, ya tara kuɗi ya sa a yaɓe shi da sumunti, yana ganin ya huta ke nan har abada. Amma tsohon bango, ko na ƙasa ko na dutsen da aka ɗaure da farar ƙasa da yashi, an gina shi ne ta yadda zai sha danshi ya kuma fitar da shi, yana kuma ɗan motsawa da zafi da sanyi ba tare da ya karye ba. Sumunti ba ya barin danshi ya fita yadda ya kamata, kuma ba ya lanƙwasa. Saboda haka da zarar ya ɗan tsage, ruwa zai shiga ta tsagar ya maƙale a bayansa, bangon ya yi ta narkewa daga ciki alhali fuskarsa tana nan sumul. Ranar da yaɓen zai faɗo, da ɓangaren bangon zai taho. Masu aikin gyaran tsoffin gine-gine sun daɗe da sanin cewa abin da za a yi faci da shi bai kamata ya fi abin da ake yi wa facin tauri ba, domin mai taurin ne zai tsira, na asalin ya lalace. Amma mai sayar da sumunti yana kowace kasuwa, wanda ya iya kwaɓa farar ƙasa ko ya san irin ƙasar da ta dace da yaɓe kuwa sai an yi cigiya.

Tun a 1877, da William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsoffin gine-gine a Ingila, abin da suka fi nanatawa shi ne a tare lalacewa da kulawar yau da kullum, maimakon a bar gini ya tagayyara sannan a zo a yi masa gagarumin aikin da zai mayar da shi sabo. Misalin da ya fi fito da wannan fili a wurina shi ne babban masallacin Jenne a ƙasar Mali. Ginin da ake gani a yau na 1907 ne, kuma da ƙasa aka yi shi, amma kowace shekara mutanen gari suna fitowa su sake yaɓe shi, suna taka itatuwan da aka bari a jikin bangon tun wajen gini. Wato tun ranar farko an saka gyaran a cikin tsarin ginin. Ba kowace unguwa ce za ta iya tara jama'a haka ba, amma darasin ɗaya ne ga gidan dutse a Turai da gidan katako a Asiya: a share indararo kafin damina, a sauya abin da ya fashe a rufi tun yana guda ɗaya, a cire tsiron da ya fito a jikin bango kafin saiwarsa ta yi nisa. Aiki ne marar armashi, babu mai zuwa buɗe shi da almakashi, shi ya sa ba a cika samun mai ba da kuɗinsa ba. Masu ba da tallafi sun fi son babban aikin da za a kafa masa allo.

To amma wa zai yi wannan ƙaramin aikin? A nan ne nake ganin ainihin matsalar take, domin tsohon gida sau da yawa ba shi da mai shi guda ɗaya. Wanda ya gina ya rasu, gidan ya zama gado, magadan ma sun rasu sun bar nasu magadan, har a samu gida ɗaya mutum ashirin ko talatin suna da haƙƙi a ciki, rabinsu ba sa ma zaune a garin. Babu wanda zai kashe kuɗinsa a kan rufin da kasonsa a ciki bai taka kara ya karya ba, kuma babu wanda zai iya yanke hukunci shi kaɗai. Masu hali sun koma sababbin unguwanni, an zuba 'yan haya ɗaki ɗaki, ɗan haya kuwa ba zai gyara abin da ba nasa ba. A ƙarshe abu guda da duk magada za su iya yarda da shi shi ne sayarwa, mai saye kuma filin yake so. Tsohon garin Zanzibar ya ga irin wannan ta wata fuskar: bayan juyin juya halin 1964 masu gidaje da yawa sun bar tsibirin, gidajen suka koma hannun hukuma, aka cika su da mazauna masu biyan haya kaɗan, gyara ya tsaya, gidaje da dama suka rufta a shekarun da suka biyo baya. Garin ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2000, amma hakan bai hana wani sashe na shahararren gininsa, Baitul Aja'ib, faɗuwa a Disambar 2020 ba. Kuma kada a ɗauka wannan ciwon ƙasashe matalauta ne kaɗai. A Nuwambar 2018 tsoffin gidaje biyu sun rufta a titin Aubagne da ke tsakiyar birnin Marseille na Faransa, mutum takwas suka mutu.

Akwai kuma sakacin ganganci. Mai gida ya san doka ta hana shi rushewa, sai ya cire 'yan haya, ya bar tagogi a buɗe, ya ƙyale rufi yana yoyo, ya jira damina biyu ko uku su yi masa aikin, sannan ya je wa hukuma da takardar injiniya cewa ginin ya zama haɗari ga jama'a. Ana saurin zagin irin wannan mutum, kuma wani lokaci ya cancanci zagin. Amma adalci shi ne a duba lissafinsa. Maƙwabcinsa da ke bayan iyakar da aka shata ya gina bene yana karɓar haya ninki goma, shi kuwa an ce masa gidansa dukiyar al'umma ce, ba a kuma ba shi ko sisi ba. Idan al'umma ce ke morar kyan unguwa, bai dace a bar wa mutum ɗaya ɗawainiyarta ba.

Ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske sun nemi hanyoyin rage wa mai gida wannan nauyi. Amurka tana yafe wa wanda ya gyara ginin tarihi mai kawo kuɗin shiga harajin da ya kai kashi 20 cikin 100 na abin da ya kashe, muddin aikin ya bi ƙa'ida. Birnin New York ya ba mai gini damar sayar da haƙƙin hawan da aka hana shi ginawa ga wani fili na kusa, kuma a 1978 Kotun Ƙolin Amurka ta goyi bayan birnin a shari'ar tashar Grand Central, lokacin da kamfanin da ya mallake ta ya so ya ɗora mata doguwar hasumiyar ofisoshi. Wani lokaci kuma harajin ne da kansa ke tura mutane ga rushewa: a Birtaniya sabon gidan zama ba ya biyan harajin VAT, amma yawancin aikin gyaran tsohon gida yana biyan kashi 20 cikin 100. Tun kafin duk waɗannan, biranen Musulunci irin su Alƙahira da Fas da Istanbul sun yi ɗaruruwan shekaru suna riƙe gine-ginensu da wakafi, inda wanda ya gina masallaci ko makaranta yakan haɗa masa da shaguna ko gidajen haya, a riƙa gyara da abin da suke kawowa. Hikimar a nan ita ce an tanadi kuɗin gyara tun kafin a buƙace shi.

Wani abin da masu kishin tarihi ba su cika son ji ba shi ne mazauna tsohuwar unguwa suna da haƙƙin jin daɗin zamani kamar kowa. Wanda ke zuwa ya ɗauki hoto ya koma gidansa mai banɗaki da lantarki ba shi da bakin ce wa wata uwa ta ci gaba da zama a ɗaki mai duhu da danshi domin kada a ɓata tarihi. A Jenne ma, wanda ke cikin jerin UNESCO tun 1988, an sha jin koken mazauna cewa ƙa'idojin adanawa sun ɗaure musu hannu wajen sabunta gidajensu. Ni dai ina ganin a nan ya kamata a yi sassauci da ilimi: a bari a shigar da ruwa da wuta, a yi kicin da makewayi na zamani, a buɗe taga ta cikin gida inda iska ta yi ƙaranci, amma a tsare tsawon ginin, da layin da yake bi a bakin hanya, da kayan da aka yi bangonsa da su, da ƙofofi da adon da ba za a iya sake yin irinsu ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne dabarar da ta yaɗu a manyan birane, ta barin bangon gaba kawai a tsaye a rushe duk abin da ke bayansa a cusa sabon bene. Tsarin ɗakuna da tsakar gida da matakala su ne ke nuna yadda mutane suka rayu a wurin, kuma su ne ake zubarwa.

Akwai haɗari na biyu da ke zuwa bayan an yi nasara. Idan unguwa ta gyaru ta yi kyau, haya tana tashi, tela da kafinta da mai kayan miya su tattara su bar wa otal da shagunan tsaraba wuri. Tsakiyar birnin Venice na da mazauna kusan 175,000 a 1951, amma a 2022 sun gaza 50,000, ga gine-ginen nan tsaf ana ta ɗaukar su hoto. Unguwar Marais a Paris ta tsira daga rushewa, amma yawancin masu ƙaramin ƙarfi da masu sana'ar hannu da ke cikinta ba su tsira daga tsada ba. Birnin Bologna na Italiya ya gwada wata hanya a tsarinsa na 1969 da abin da ya biyo baya, inda hukumar birni ta sa kuɗin gidajen jama'a wajen gyara tsoffin gidaje da sharaɗin mazaunansu su ci gaba da zama a kan haya mai sauƙi. A unguwar Darbul Ahmar ta Alƙahira ma, gidauniyar Aga Khan da ta buɗe lambun Azhar a 2005 ta haɗa gyaran masallatai da ganuwa da gyaran gidajen mazauna, da ba da ƙananan rance, da koya wa matasan unguwar sassaƙar dutse da kafinta.

Wannan na ƙarshen, koyar da sana'a, shi ne na fi ba muhimmanci a duk abin da na lissafa. A 2012 masu ɗauke da makamai sun rusa hubbarorin waliyyai a Timbuktu, amma zuwa 2015 an sake gina goma sha huɗu daga cikinsu, kuma maginan garin ne suka yi aikin, domin ilimin yana nan a hannunsu, sun gaje shi daga iyaye. Da sana'ar ta riga ta mutu, da kuɗin duniya ba su dawo da su yadda suke ba. Magini kuwa ba ya koya wa ɗansa aikin da ba a kiransa a kai. Saboda haka ƙananan gyare-gyaren gidajen unguwa su ne makarantar da ke samar da hannun da zai gyara fada da masallaci ranar da suka buƙata. Idan kowa ya koma bulo da sumunti, cikin zuriya ɗaya za a nemi wanda ya iya a rasa.

Rubutawa da zanawa su ma suna da nasu amfani, kuma ba su da tsada. Da aka tashi sake gina tsohon garin Warsaw bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya mayar da shi kufai, an dogara da tsoffin hotuna, da ma'aunan da ɗaliban zanen gini suka ɗauka kafin yaƙin, da zane-zanen Bernardo Bellotto na ƙarni na 18. A yau duk mai waya a hannu zai iya fara irin wannan aiki a unguwarsa: hoton kowane gida daga waje, da na ciki idan masu gida sun yarda, da sunan wanda ya gina, da sana'ar da aka yi a wurin, da abin da tsofaffi suka tuna kafin su ma su tafi. Ya fi kyau mazauna su yi wannan rajista da kansu, ko a yi tare da su, domin masani daga waje zai zaɓi ginin da ya fi ado, su kuwa za su nuna masa rijiyar da unguwa ta sha, da dakalin da ake sasanta rigima, da gidan malamar da ta karantar da rabin yaran layin. Sannan rajistar ta nuna halin da kowane rufi yake ciki da sunan wanda za a tuntuɓa a cikin magada, a kuma riƙa sabunta ta kowace shekara kafin ruwa ya sauka.